Wai da gaske ne zafin rana ke sa ake ta haihuwar mata?

Baban_Mata_Huɗu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya, don Allah masu sani su taimaka, kada a mai da ita abin raha. Makon jiya aka yi sunan ɗiyata ta huɗu, duka mata Allah ya ba ni, kuma wallahi na gode masa. To a wurin sunan wani abokin aikina ya nuna min bidiyo a wayarsa, wani yana bayani wai masana sun gano ɗumamar yanayi na sa ake haifar mata zalla. Har ya nuna kunkuru a bakin teku, ya ce saura ƙiris su rasa namiji ko ɗaya. Da na dawo gida na zauna na ƙirga, a layinmu nan Sakkwato daga ƙaramar salla zuwa yau an yi suna tara, bakwai mata ne. Kowa kuma ya san zafin da muka sha. Shin akwai ƙamshin gaskiya a maganar nan? Zafi yana juya namiji ya koma mace tun a ciki?

Sarkin_Musu:
Allah ya raya, ya albarkaci rayuwarta. Amma Malam, suna tara ai ba ƙidaya ba ce. Mu bakwai ne a ɗakinmu, maza reras, kuma a Nguru aka haife mu gaba ɗaya. In da zafi ke kawo mata, da yanzu ina nan ɗaure da ɗankwali.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Ni dai ban san kimiyya ba, amma ido ba mudu ba ne, ya san kima. Je gidan biki, je asibiti, je Islamiyyar dare, mata ne maƙil. Ruwa ba ya tsami banza.

Almajirin_Zaure:
Baban Mata, Allah ya sa ta zama mai jin ƙan iyaye. A Suratul Shura, aya ta 49 da ta 50, Allah ya ce yana ba wanda ya so mata, ya ba wanda ya so maza, ya haɗa wa wani, ya bar wani ba haihuwa. Kuma hadisi ya inganta cewa daga alamomin tashin ƙiyama akwai yawaitar mata da ƙarancin maza, har mata hamsin su zama a ƙarƙashin kulawar namiji ɗaya. Sai dai ba a ce mana zafi ne zai jawo hakan ba, kuma ba mu da hurumin nuna wani bidiyo mu ce ga shi nan ta tabbata. Sanin sababi bai saɓa wa ƙaddara ba. Masu boko su yi mana bayani mu ƙaru.

Malama_Bayoloji:
Barka da arziki Baban Mata. Bidiyon bai yi wa kunkuru ƙarya ba. Ɓarnar da ya yi ita ce ɗauko maganar kunkuru da ya yi ya ɗora wa ɗan Adam.

Kunkurun teku ba shi da abin da mu muke da shi, wato kuromozom X da Y, ƙunshin ƙwayoyin gado da ke raba namiji da mace. Uwar za ta fito bakin gaɓa da dare, ta tona rami a yashi, ta zuba ƙwai kamar ɗari, ta rufe ta koma ruwa. Ba ta kwanci, yashi ne ke yi mata. Wata biyu ake yi kafin ƙyanƙyasa, kuma a tsakiyar wa'adin nan ne zafin ramin ke yanke ko ɗan zai zama namiji ko mace. In zafin na wajen digiri 29 a ma'aunin Salshiyos, sai a samu rabi da rabi. Ya ɗan sauka, maza su rinjaya. Ya haura zuwa 31, kusan duka mata.

Binciken da nake kyautata zaton mai bidiyon ya gani an wallafa shi a 2018, a kan koren kunkuru na arewa maso gabashin Ostireliya. Da ido ba a gane jinsin ƙaramin kunkuru, sai da suka riƙa kamo su suna ɗibar jini, sannan suka bi ƙwayoyin gadonsu suka gano gaɓar da aka ƙyanƙyashe kowanne. Waɗanda suka fito daga gaɓoɓin arewa masu zafi, wajen tsibirin Raine, a cikin ƙanana sama da kashi 99 cikin 100 mata ne. A cikin manya, waɗanda aka ƙyanƙyashe shekaru da dama baya, matan kashi 87 ne. Na kudu inda yashi ya fi sanyi kuma, matan ba su wuce kashi 65 zuwa 69 ba. Ka ga bambancin manya da ƙananan shi ne ya tayar wa mutane hankali, don yana nuna an shafe sama da shekara 20 wurin bai fitar da maza na a zo a gani ba.

Amma mahaifar mace ba ramin yashi ba ce. Ko a Sakkwato take ko a Mambila, cikinta na nan wajen digiri 37.

Mai_Karfasa_Yauri:
Malama kin yi bayani, amma ni abin da na sani a sana'ata akasin haka ne. Ina kiwon karfasa, kuma a wurinmu zafi maza yake kawowa, ba mata ba. Mu maza muke nema ma, don sun fi saurin girma. In ka bar su gauraye, kafin wata uku sun cika maka kududdufi da 'ya'ya, abinci ya ƙare a kan ƙanana, ka tashi sayarwa ka samu kifi kamar tafin hannun yaro. Yawancin masu ƙyanƙyasa magani suke cuɗawa a abincin 'ya'yan na wajen sati uku zuwa huɗu. Ni kuma na ji an ce in ka riƙe ruwan a digiri 36 na kwana goma, daga lokacin da suka fara cin abinci, za ka samu maza da yawa ba tare da magani ba.

Na gwada bara. Na sa su a robar wanka babba a ɗaki mai rufin kwano, na sa abin ɗumama ruwa. Kwana huɗu lafiya lau. Rana ta biyar aka ɗauke wuta da asuba, ruwa ya huce, da aka dawo da ita da azahar ga zafin kwano ga na'ura, na dawo daga kasuwa na tarar rabinsu sun juya ciki sama, fari fat a kan ruwa. Sauran da suka rayu dai da na ware su daga baya mazan sun fi yawa, amma ba zan rantse cewa zafin ne ba.

Sarkin_Musu:
To kun ji. Malama ta ce zafi mata, mai kifi ya ce zafi maza. Ku daidaita tsakaninku tukuna kafin ku zo mana.

Malama_Bayoloji:
@Sarkin_Musu ba saɓani ba ne, kowace halitta da tsarinta. Ka ga ƙadangaren nan da ke gyaɗa kai a katangar gidanku? A kansa aka fara gano wannan al'amari a duniya. Wata Bafaranshiya, Madeleine Charnier, a Jami'ar Dakar ta Senigal, ita ta wallafa a 1966 cewa ƙwan da aka ajiye a digiri 29 maza yake fitarwa, wanda aka ajiye a 26 zuwa 27 kuma mata. An daɗe ba a ɗauki maganarta da muhimmanci ba. Ina gaya wa ɗalibaina wannan duk shekara, don suna zaton kimiyya sai a kan dabbar da ba su taɓa gani ba.

Zango_Kumasi:
Salam. Kada fa? Mu nan Gana akwai garin Paga a arewa, kadoji na zaune da mutane, har ana taɓa wutsiyarsu ana ɗaukar hoto. Su ma haka ne?

Malama_Bayoloji:
Su ma haka ne, nasu ma ya fi rikitarwa. Sanyi mata, zafi mai tsanani mata, mazan a wani ɗan siririn tsakani suke fitowa, wajen digiri 32 zuwa 33.

Ɗan_Tireda_99:
Ni abin da ya ɗaure min kai, ta yaya ƙwai ya san zafi? Ba shi da ido ba shi da ƙwaƙwalwa. Wa ke karanta masa ma'auni?

Dakta_Gado:
An zo wurin. Wannan tambayar ce ta fi shekara 50 tana ba masana wahala, kuma amsar da ake samu yanzu tana cikin fannin da ake kira efijenetik. Bari in gwada da abin da muka sani.

Wanda ya yi makarantar allo ya san babbaƙu da farfaru. Rubuta kaf da ra a ajami ka bar su tsirara. Za a iya karanta su kara, ko kura, ko kira, ko kore. Baƙin bai canja ba, wasalin da aka ɗora ne ya raba kura da kara. To DNA, wato zaren da ke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwayoyin halitta, shi ne baƙin. Ɗan kunkurun da zai zama namiji da wanda zai zama mace baƙinsu na iya zama iri ɗaya. Amma akwai wasu ƙananan alamomi na sinadari, mafi shahara ana ce masa metil, da jiki ke ɗorawa a kan DNA ɗin ko a kan abin da aka naɗe shi a jiki. Don DNA na ƙwayar halitta guda ɗaya tsawonsa ya kai mita 2, a naɗe yake kamar zare a kwarkwaro. Inda aka ɗaure tamau ba ya karantuwa, inda aka sassauta sai a karanta.

A 2018 masu bincike daga wata jami'a a Zhejiang ta Sin da Jami'ar Duke ta Amurka suka yi aiki a kan wani kunkurun ruwa mai jan kunne. Shi a digiri 26 maza zalla yake ba da wa, a 32 mata zalla. Suka gano wani sinadari mai suna Kdm6b, aikinsa kankare alamar da ta kulle wata ƙwayar gado mai suna Dmrt1. Ita Dmrt1 ita ce ke ba da umarnin a gina marainan namiji. A sanyi Kdm6b na aiki sosai, ya kankare, a buɗe, a samu namiji. A zafi ya yi lakwas, kulle ya zauna, a samu mace. Don su tabbatar, sai suka danne Kdm6b a ƙwan da ke digiri 26, wanda bisa ƙa'ida duk maza za su fito. Sama da kashi 80 cikin 100 suka fito mata. Bayan shekara biyu kuma suka nuna abin da ke sarrafa shi kansa Kdm6b ɗin: zafi na sa sinadarin kalsiyam ya kwarara cikin ƙwayoyin halittar, shi kuma ya tayar da wani mai suna STAT3, wanda ke zuwa ya toshe Kdm6b. To ka ji mai karanta ma'aunin.

@Mai_Karfasa_Yauri, naka kuma ta wata ƙofar ne. A Barselona ta Sifaniya, a 2011, ƙungiyar Francesc Piferrer ta duba wani kifin teku da Turawa ke kiwo, wanda masu gonaki ke kukan yana fito musu maza da yawa, alhali shi matansa ne suka fi girma. Suka tarar ruwan ɗumi na sa a lafta metil a bakin ƙwayar gadon aromates, wanda shi ke juya sinadarin maza ya koma na mata. An kulle shi, babu sinadarin mata, kifin da ya kamata ya zama mace sai ya tashi namiji.

Alaramma_Ɗan_Birni:
Dakta misalinka ya yi daɗi amma akwai gyara. Wasali canja lafazi yake yi. Kai kuma abin da ka kwatanta ba canja lafazi ba ne, hana karatu ne ɗungurungum. Ya fi kama da a ɗaure takardu a gafaka, wasu a fito da su a karanta, wasu a bar su a ciki.

Dakta_Gado:
Allah ya gafarta Malam, na karɓi gyara. Naka ya fi dacewa. Zan ara, amma ba zan biya ba.

Mai_Kaji_Zariya:
Don Allah ni tambayata, in na rage zafin injin ƙyanƙyasa ko na ƙara, zan samu kaji mata fiye da zakaru? Zakarun nan asara ce a wurina.

Sarkin_Musu:
Kowa ya zo da tasa. Saura mai raƙumi.

Malama_Bayoloji:
@Mai_Kaji_Zariya kada ka taɓa injinka, bar shi a 37.5 ɗinsa. Jinsin ɗan tsako a rubuce yake tun kafin a saka ƙwan, kuma a tsuntsaye uwa ce ke yankewa, ba uba ba. In ka yi wasa da zafin ƙwai kawai za ka dafa.

Ungozoma_Funtuwa:
Shekarata 19 ina karɓar haihuwa, kuma duk jaririn da ya faɗo sai mun rubuta shi a rajista, namiji ko mace. Akwai satin da za ka rantse an daina yin maza, shida bakwai a jere mata, har mu riƙa tsokanar juna a ɗakin haihuwa. Sati na gaba sai maza su yi ta zubowa. In shekara ta ƙare aka haɗa lissafi, kusan kunnen doki ake yi, sau da yawa ma mazan ne da ɗan rinjaye. Haka kuma aka koya mana: a duniya duk mata 100 da aka haifa akan haifi maza wajen 105, a Afirka ya ɗan gaza haka kaɗan.

Abin da na gani da idona a watannin zafi ba yawan mata ba ne. Mata masu ciki ne ke zuwa a galabaice, jiki ba ruwa, naƙuda ta taso kafin lokaci. Kuma duk ma'aikaciyar da ta daɗe za ta gaya maka bakwaini namiji ya fi mace saurin karaya.

Ummu_Khairat:
Ku yi haƙuri zan ɗan fita daga layi. Ni 'ya'yana biyar, duka mata. Ranar da na haifi ta biyar, ina kwance ko wanka ba a yi min ba, wata daga dangin mijina ta leƙo, ta ɗaga zanen jaririyar ta duba, ta sake shi, ta ce "an kuma", ta fita. Ko barka. Har yau in na tuna sai na ji abu ya tokare min maƙogwaro. Shi ya sa da na ga taken nan gabana ya faɗi, na ce yanzu kuma za a ce mu ne muke zama a rana. Don Allah Dakta a faɗa da Hausa ƙarara, daga wa abin yake?

Dakta_Gado:
Ummu Khairat, Allah ya raya miki su. Ƙarara: ƙwan mace kullum X yake ɗauke da shi, ba ta da wani abin bayarwa sai shi. Maniyyin namiji ne rabi X rabi Y. Wanda ya riga isa shi ke nan, X mace, Y namiji. A kan Y ɗin akwai ƙwayar gado mai suna SRY, an gano ta a 1990, ita ke tashi wajen sati na shida zuwa bakwai na ciki ta ce a gina namiji. Don haka in laifi ne, ba naki ba ne. Kuma ba laifi ba ne, shi ma mijin ba shi da zaɓi.

Ɗan_Tireda_99:
To kenan a mutum zafi ba ruwansa kwata-kwata?

Dakta_Gado:
A'a, ban ce haka ba, kuma a nan ne nake so a bi a hankali. Zafi ba ya juya ɗan tayi namiji ya koma mace. Amma yana iya shafar wane ciki ne zai kai ga haihuwa. Wani likita a Japan, Misao Fukuda, ya bi alƙaluman ƙasarsu daga 1968 zuwa 2012, ya ga bayan matsanancin zafin 2010 ɓari ya ƙaru, kuma wata tara bayan nan adadin maza a cikin jarirai ya ɗan sauka. Ya ga irin haka bayan tsananin sanyin farkon 2011, kuma tun da farko ya gani bayan girgizar ƙasar Kobe ta 1995. Wato ba zafin kansa ba ne, wahala ce, kuma ɗan tayi namiji ya fi saurin faɗuwa in uwa ta jigata. Ya yi daidai da abin da Anti Ungozoma ta faɗa.

Na kusa da mu, masu bincike a Jami'ar Oxford sun haɗa bayanan haihuwa wajen miliyan 5 daga ƙasashen Afirka 33 da Indiya. A Afirka sun ga matan da suka sha kwanakin zafi a wata ukun farko na ciki, haihuwar maza a cikinsu ta ɗan ragu. Amma a arewacin Finlan, da aka duba tsofaffin rajistocin al'ummar Sami, shekarun da suka fi ɗumi maza aka fi haifa, don su can sanyi ne azabarsu. Duk waɗannan bambance-bambancen ƙanana ne ƙwarai, sai an tara dubban ɗaruruwan haihuwa ake hango su. Ba abin da mutum zai gani a layinsu ba ne.

Sarkin_Musu:
Wato dai in na fahimta, a mutum ba ruwan efijenetik ɗin naka. Ka kawo shi ne don kunkuru.

Dakta_Gado:
Da ruwansa, amma ba ta hanyar da bidiyon ke nufi ba. Ita kanta SRY a kulle take, sai wani ɗan uwan Kdm6b mai suna Kdm3a ya kankare mata alama kafin ta yi magana. An nuna haka a ɓeraye a 2013: ɓera mai XY da aka cire masa wannan sinadarin yana iya tashi mace. A 2025 kuma masu bincike a Jami'ar Osaka suka nuna Kdm3a ba ya aiki sai da sinadarin ƙarfe, kuma da suka ƙarar da ƙarfen jikin uwayen ɓeraye da magani, 'yan kaɗan daga 'ya'yan masu XY sun fito da gaɓoɓin mata. Ɓera ne fa, a ɗakin gwaji, da yanayi na gangan. Kada wani ya fita ya ce Dakta ya ce ƙarancin jini na mai da yaro yarinya.

Cewa yanayi na barin tambari a jikin ɗan Adam kuwa, an gani a maƙwabta. A ƙauyukan yankin Keneba na Gambiya an tarar yaran da aka yi cikinsu da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma cimar mutane ta canja, alamomin metil ɗinsu a wasu wurare sun bambanta da na waɗanda aka yi cikinsu da rani. Bai canja musu jinsi ba. Amma ya nuna abin da uwa ta ci da abin da ta sha na wahala ba ya wucewa haka nan.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Duk na ji. Amma har yanzu ba wanda ya gaya min inda mazan suka shiga.

Lissafi_Dole:
Hajiya, ƙidayar 2006 ta ba da mutum miliyan 140 da ɗoriya a Nijeriya: maza miliyan 71 da 'yan kai, mata miliyan 69 da 'yan kai. Ko mutum na da ja a kan ƙidayar, babu inda ta nuna mata sun ninka maza. Kin je gidan biki kin ga mata, ki je tashar mota ko kasuwar shanu ko masallacin Juma'a ki ƙirga. Abin da ke sa a ga kamar 'yan mata sun yi yawa shi ne tazarar aure. Namiji sai ya kai 30, mace tun tana 18 ana maganarta. Al'ummar da ke ƙaruwa kullum, 'yan 18 sun fi 'yan 30 yawa nesa ba kusa ba. Ƙara da sakin aure da ke dawo da mata layi.

Ɗiyar_Tawa:
Lissafi ya yi gaskiya. Ku zo ƙauyukanmu na jihar Tawa bayan an gama girbi, za ku ce gari na mata ne da tsofaffi. Mazan duk sun tafi bida, wasu Abijan, wasu Libiya, wasu Aljeriya. In kuna neman inda canjin yanayi ya rage maza, ga shi nan, damina ba ta ciyar da gida, ba sai an shiga cikin ƙwai ba.

Angon_Bana:
Ni dai duk bayanin nan bai hana ni ƙara ta biyu ba. Taimako ne.

Ummu_Khairat:
Ka fara biyan kuɗin makarantar na gida tukuna, mai taimako.

Admin_Zaure:
Jama'a a dawo kan magana. Wanda ke da zancen ƙarin aure ya buɗe nasa.

Sarkin_Musu:
To na dawo. Tambaya ta gaskiya yanzu, ba tsokana ba. Kada da kunkuru sun fi shekara miliyan 100 a duniya, sun ga zafin da ya fi wannan, ba su ƙare ba. Kuma namiji ɗaya ai yana isar mata da yawa. Mene ne abin kuka?

Malama_Bayoloji:
Yau ka yi tambayar kirki. Gaskiya ne ɗan rinjayen mata ba matsala ba ce, yana iya ƙara yawan ƙwai ma na wani lokaci. Matsalar sauri ce. Koren kunkuru sai ya shekara 25 ko fiye kafin ya fara haihuwa, kuma macen gaɓar da aka ƙyanƙyashe ta take komawa. Dabbar da zuriya ɗaya ke cin wannan lokaci ba ta da damar sauya hali cikin shekara 50. Ka tuna 2024 ce shekara mafi zafi da aka taɓa aunawa, kuma a Afrilunta garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5. Sannan in yashi ya wuce wani mataki, ba maganar mace ko namiji kuma, ƙwan ne ke mutuwa, kamar 'ya'yan kifin mutumin Yauri.

Amma akwai abin da ya ba ni sha'awa. A tsibirin Poilão na Gini Bisau, inda koren kunkuru ya fi yin ƙwai a duk Afirka, da aka auna an samu kusan rabi da rabi. Dalili, daji ya sauko har bakin gaɓa, wasu uwayen a inuwar bishiya suke tona raminsu, daga nan mazan ke fitowa. Duk da haka hasashen masu binciken shi ne zuwa 2100 mata za su kai kashi 76 zuwa 93. A wasu gaɓoɓin yanzu rumfa ake kafawa a kan ramukan, ko a riƙa yayyafa musu ruwa.

Dakta_Gado:
In ƙara a kan na Malama, abin da ni ya fi tsaya min a rai shi ne wani lokaci alamar ba ta gogewa. Akwai wani kifi shimfiɗaɗɗe da ake kiwo a Sin. A 2014 aka nuna macen da ruwan zafi ya mai da namiji, in ya yi barbara, 'ya'yansa da ya kamata su zama mata sai su ma su tashi maza, ko da a ruwa mai sanyi aka rene su. Sun gaji kullen. A Ostireliya kuma akwai wani ƙadangare mai gemu, wanda yake da kuromozom na jinsi sarai, amma in zafin ƙwai ya wuce 32 sai namijin ya fito mace, ta yi ƙwai har ta fi macen asali yawa. A 2015 aka tabbatar akwai irinsu a daji, 11 cikin 131 da aka kama. In irin wannan ta haɗu da namiji, 'ya'yansu gaba ɗaya ba mai ɗauke da kuromozom na mace, zafi kaɗai ke raba su. Tsari guda ya ɓace cikin zuriya ɗaya.

@Mai_Karfasa_Yauri, ko karfasar daji ba ta tsira ba. A tafkin Kou na Burkina Faso an kama waɗanda gadonsu na mata ne amma jikinsu na maza. Ka san uwar a baki take riƙe ƙwai, in ta sake su kuma gefen ruwa marar zurfi suke taruwa, inda rana ta fi dafawa.

Mai_Karfasa_Yauri:
Wallahi haka ne, a gefe suke taruwa baƙi ƙirin kamar an zuba shayi. To Dakta, mazan nan da zafi ya juya, in na bar su suka yi barbara, me za su haifa min?

Dakta_Gado:
In na gaske ne juyayyu, XX ne su, matan ma XX. Babu Y ko ɗaya a kududdufin. Sai ka samu kusan duka mata, sai dai in ka sake dafa su. Kada ka yi iri da su.

Mai_Karfasa_Yauri:
Innalillahi. Na riga na zuba su a na iri tun watan jiya.

Baban_Mata_Huɗu:
Na gode ƙwarai jama'a, ban zaci abin zai yi tsawo haka ba. Na karanta wa maiɗakina amsar da Dakta ya ba Ummu Khairat, ta sa na maimaita mata sau biyu, sannan ta ce in tura wa Inna. Na ce mata Inna ba ta karatun boko, ta ce to in yi mata da murya. Amma Dakta, maganar Oxford ɗin nan ba ta bar ni na yi barci ba. Kafin wannan yarinyar mun yi ɓari sau ɗaya, a watan Afrilu, cikin wata biyu.

Ungozoma_Funtuwa:
Allah ya sa mai ceto ne. Ba wanda zai iya ce maka ga dalilin wancan, ɓarin wata biyu ya fi abin da mutane ke zato yawa, da zafi da ba zafi. In Allah ya kawo wani, ta riƙa shan ruwa sosai, a ɗauke mata girkin rana a watannin nan, kuma ta fara awo da wuri.

Mai_Kaji_Zariya:
To zabbi fa? Su ma kada in taɓa injin?